Ranar da Baba Ya Ƙi Yin Filashin

Ko da zan manta da abin da aka yi ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da yinin bikin Hadiza ba, ƙanwar maigidana. Ba don kyan da amarya ta yi ba, ko da yake ta yi kyau. Dalili shi ne ni na tashi bikin nan, ni kaɗai, da rana tsaka, ba tare da wani ya ce mini ko kanzil ba. Har yau idan dangi suka taru a Kura aka rasa abin dariya, ni ake ɗaukowa.

Amma kafin in kai ku can sai na yi muku bayanin filashin, domin idan ba ku san tsakanin Babana da filashin ba, cewa za ku yi ina da taɓin hankali. (Wasu ma da suka sani haka suka ce.)

Filashin dai kowa ya san shi: ka danna lambar mutum, da ka ji ta shiga sai ka katse kafin ya ɗauka. Kalmar ta Turanci ce. Ƙanena Sani, wanda ya fi mu daɗewa a aji, ya ce a wurin masu yaren ma'anarta hasken da ke bayyana ya ɓace nan take, irin na walƙiya ko na mai ɗaukar hoto. Wai su can ba su cika danganta ta da waya ba, mu ne muka ɗauko ta muka ba ta wannan aikin. Ni dai na ce ko wane ne ya raɗa sunan ya iya, don haka abin yake. Wayarka za ta yi haske ta ce ƙir, kafin ka goge hannu ta yi shiru. Kada kuma a haɗa shi da miskol. Miskol kira ne na gaskiya da ya wuce ka, kana wanka ko kana salla. Filashin kuwa tun asali ba a yi shi don a ɗauka ba. Mai shi cewa yake yi, ga ni nan, ka kira ni da katinka.

Yana da ladubbansa, ko da yake ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana. Saurayi ba ya yi wa budurwa, in ya yi to ya gama da gidan. Ba a yi wa suruki. Manoman rani kuwa sun mayar da shi ɗan aike: wanda gonarsa ke sama idan ya gama ban ruwa sai ya yi wa na ƙasa da shi filashin, shi ke nan wancan ya san ruwa ya zo kansa, ba sai an yi magana ba. Babban laifi a cikin lamarin shi ne ka ɗauki filashin. Akwai mata biyu a layinmu da suka daɗe ba sa gaisawa, saboda ɗaya mai saurin hannu ta cafke filashin ɗin ɗaya ta kuma tsaya tana "Alo? Alo? Ba na ji!" har katin baiwar Allah ya ƙare. Sannan abin yana juyawa da shekaru. Yaro yana makarantar kwana shi ke yi wa ubansa. Idan ya girma ya kama sana'a, sai uban ya karɓi aikin.

To, Babana ya karɓi aikin, ya kuma riƙe shi da muhimmanci.

Ƙauyenmu yana wajen Bunkure, a bakin kanal, wato babbar hanyar ruwan nan ta siminti da ke shayar da gonaki. Da damina Baba shinkafa yake yi, da rani tumatir da albasa. Ba talaka ba ne tilis, ba kuma za a kira shi marowaci ba, don idan ka je gidansa sai ka ci ka ƙoshi a kuma bi ka da kwando. Amma kati? A wurinsa sayen kati sayen iska ne. Ni na saya masa wayar bayan an kawo ni Kura, ƙaramar nan mai tocila a ka, kuma tun ranar bai taɓa barin kiransa ya yi ƙara ta biyu ba. Ina jin babban yatsansa yana kan jan madannin tun kafin ya taɓa koren. Na sha yi masa kwanto da wayar a hannuna don in cafke shi in tsokane shi, ban taɓa yin nasara ba.

Kullum da safe kafin ya hau keke ya tafi gona sai ya yi mini. Sai in kira.

"Uwata, kin tashi lafiya?" (Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa na ci.) "Ya yaran? Ya maigidan naki? To madalla. Kashe, kada katinki ya ƙare."

Shi ke nan hirar. Na yi mita har na gaji. Da muka je yawon Salla ma sai da na sake taso da maganar, muna zaune a tsakar gida. Na ce, "Baba, don Allah ko sau ɗaya dai ka kira ni da kanka mana. Ƙawayena iyayensu na kiran su, su ɗauka a gabanmu suna yanga. Ni kuwa kullum ƙir." Ya dube ni ya ce, "Wanda ya sayi jaki ai shi ya san inda ake samun ciyawa, ba wanda aka ba aro ba." Inna, mahaifiyata, ta ce wannan ba magana ba ce, wayo ne kawai. Aka yi dariya aka tashi, ni ma na manta.

Abin da ya sa lamarin ya daina ba ni dariya shi ne, ana saura 'yan makonni bikin Hadiza, jiri ya kwashi Baba a gona ya faɗi tsakanin kunyoyin tumatir. Aka kai shi asibiti aka ce hawan jini ne, ya rage shiga rana. Ya ce to. Washegari yana gona. Tun daga nan hankalina bai ƙara kwanciya ba. Kuma kowa a yankinmu ya san yadda ake yi idan mutum ya faɗi a gona ko a hanya: wayarsa ake zarowa daga aljihu, a kira lambar da ya kira ta ƙarshe. Lambar ƙarshe a wayar Baba kuwa kullum tawa ce.

Ranar yinin, filashin ɗin safe bai zo ba. Na lura, ba wai ban lura ba. Na ce bari in sauke wannan tukunyar in kira shi, bari in tace wancan in kira shi, har rana ta take. Gidan Hajiya, surukata, ya cika ya batse. Hajiya mace ce da ba a kawo mata wargi, ta shekara da shekaru tana sana'ar turara shinkafa, mata da yawa a ƙarƙashinta suke ci, don haka bikin autarta ba ƙaramin taro ba ne. Mun sha anko ruwan goro, mai kiɗa ya kafa manyan sifikunsa a ƙofar gida, ni kuma an damƙa mini zoɓo. Ina tsugune a gaban wata ƙatuwar roba ina zuba sukari, aminiyata Asabe tana ɗura wa a gorori, sai na ji waya tana motsi a ƙugun zanena.

Na zaro na duba. Baba.

Na ce alhamdu lillahi, na fara goge ɗaya hannun a jikin tsumma don in kira shi idan ta katse. Sai ba ta katse ba. Ta yi ƙara ta biyu. Ta yi ta uku. Na tsaya ina kallon ta, ita kuma tana ta ruri a tafin hannuna, har ta gaji ta yanke don kanta. Ban gama fahimtar abin da na gani ba sai ta sake ɗaukar ruri.

Yanzu mai hankali zai ce, to ki ɗauka mana. Ni ma yau haka nake cewa. Amma a lokacin abu ɗaya ne a kaina: wannan ba yatsan Baba ba ne. Baba ba zai iya ba ko da an sa masa wuƙa. Wani ne ke riƙe da wayarsa, kuma na san abin da ke sa wani ya riƙe wayar dattijo mai hawan jini da rana tsaka. Sai na ji a raina muddin ban danna koren nan ba, Babana yana da rai. Da na danna, wata baƙuwar murya za ta ce, "Ke ce 'yar mai wayar nan?" Hannuna da ma da danshi, wayar ta suɓuce ta faɗa tsulum cikin zoɓon.

Asabe ta ɗago. "Maman Ummi, lafiya?"

Na ce, "An kira ni da wayar Baba."

Ku lura da kyau, don wannan ita ce hujjata har gobe: ban ce ya rasu ba. Wallahi kalmar ba ta fito daga bakina ba.

"Wa ya kira? Me aka ce?"

"Ba filashin ba ne, Asabe. Kira ne. Har ta katse, aka sake."

Asabe ta san Baba, ta san labarin faɗuwarsa, ta kuma sha yi mini dariyar ƙir ɗin safe. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta saki gorar da ke hannunta, ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" da muryar da ta danne sifikun mai kiɗa. Ni kuwa jin ta faɗi haka sai na tabbata, na zube a wurin na fasa kuka.

Ban san maganar tana da ƙafa haka ba. Kafin ta kai ɗakin amarya, an ce Baba ya faɗi a bakin kanal. Kafin ta kai ƙofar gida wajen maza, an sa lokacin jana'iza, wai bayan la'asar. Maigidana, Baban Ummi, shi ne ya yi abin da ya kamata a yi tun farko, ya kira lambar Baba. Aka ce masa layin yana aiki. Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce, "Ana ta sanar da dangi ne." Ya sake kira aka ce wayar a kashe take. Ya kira Sani, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Dattijon ya ce, "Yana wajen haƙa." Inna kuwa wayarta ta fi zama a shagon caji a kan zamanta a gida. Duk ƙofar da aka ƙwanƙwasa sai ta ƙara tabbatar da abin da ba wanda ya faɗa. (An tsamo tawa daga zoɓon, amma ta riga ta sha ta ƙoshi.)

Hajiya ta fito daga ɗaki, ta tsaya a tsakar gida ta ce a kashe kiɗa. Aka kashe. Ta ce, "Surukinmu ne, ba za a ce muna rawa ana wanke shi ba." Ta sa aka juye rabin shinkafar biki a manyan kuloli, don gidan rasuwa ba a zuwa masa hannu rabbana. Hadiza ta fito da lallenta da kwalliyar da aka ɓata safiya ana yi, ta rungume ni tana kuka, baƙin ido yana gangarowa har haɓa. Kawu Shehu, ƙanen Hajiya mai sayar da yadi, ya aika shago aka yanko farin alawayyo, ya ce gudummawarsa ke nan. Aka samo a-kori-kurar maƙwabci da ke jigilar tumatir, aka sa ni a gaba tsakanin direba da Hajiya, mata suka cika baya tare da kuloli. Adaidaita biyu suka biyo mu, maza kuma a kan babura.

Hanyar nan na bi ta ba adadi, amma ban taɓa ganin ta kamar ranar ba. Ko'ina kore shar, ruwa yana gudu a kanal, kwandunan tumatir jere a gefen titi suna jiran mota, mutane sun duƙa suna aikinsu ba abin da ya dame su. Duk tsohon da muka wuce a kan keke sai in ji haushinsa ya kama ni, don me shi yana da rai. Na tuna mitar da na riƙa yi wa Baba a kan kati, na ji kunyar kaina. Na tuna safiyar nan da na ce bari in sauke tukunya. A cikin zuciyata nake cewa, ya Allah, ƙir ɗaya kawai, ba na son kira, ba na son hira, ƙir ɗin nan ya ishe ni. Hajiya ta riƙe hannuna tun daga Kura ba ta saki ba, ita da ban taɓa ganin ta riƙe hannun kowa ba.

Da muka isa ƙofar gidanmu babu kowa. Babu tabarmi, babu takalma, sai awaki biyu a inuwar darbejiya. A nan ya kamata wani ya tsaya ya yi tunani. Sai Asabe ta leƙo daga bayan mota ta ce, "Wayyo, har an tafi kai shi!" Kuka ya ƙaru. Maza suka tsaya a waje kamar yadda aka saba, mu kuma muka ɗunguma ciki.

Inna tana zaune a tsakar gida tana yanka tumatir za ta shanya kauɗa. Ta ɗago ta ga 'yarta ana riƙe da ita, ga surukar 'yarta, ga mata cike da zaure cikin anko kowa na sharɓar hawaye. Wuƙar ta faɗi daga hannunta.

Hajiya ta matsa ta dafa ta. "Inna, sai haƙuri. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Inna ta duba cikinmu, ta ga 'yata Ummi a bayan wata, ta ga ƙanen Ummi, ba ta ga maigidana ba. Sai ta kurma ihu. "Wayyo Allah, yaron kirki! Yaron da bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba!"

Na ga Hajiya ta ɗan yi turus da jin an kira Baba yaro, amma ta ɗauka zafin rashi ne. Ta ce, "Haka ne, mutumin kirki ne, kowa ya shaida."

"Ya tafi ya bar ta da ƙananan yara!"

"A'a Inna, ai alhamdu lillahi yaran sun kawo ƙarfi. Ga Sani nan ya zama magidanci."

Suka rungume juna suna kuka, kowacce tana ba ɗaya haƙuri, Inna tana yi wa Hajiya ta'aziyyar ɗanta, Hajiya tana yi wa Inna ta'aziyyar mijinta. Maƙwabta suka fara shigowa da mayafai a hannu. Ni ina durƙushe a gindin turmi, ba na ma jin abin da suke faɗa sosai, sai daga baya Asabe ta maimaita mini shi kalma bayan kalma, kuma har yau ba ta gaji da maimaitawa ba.

Can sai hayaniyar maza a waje ta ɗauke ɗif. Muka ji ƙarar sarƙar keke a zaure, muka ji gyaran murya, aka yi sallama.

Baba ne. Malfa a ka, wando a naɗe, taɓo har gwiwa, waya a hannu.

Wata mata ta yi baya ta taka kular miya. Asabe, wadda ta fi kowa murya ɗazu, ban san lokacin da ta shige bayan rumbu ba. Baba ya jingine kekensa ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Inna lillahi. Wa ya rasu? Na ga surukina a waje na yi masa magana, ya tsaya yana kallona baki buɗe."

Inna ta saki Hajiya. "Surukinka? Yana waje? Da ransa?"

Gaskiya a wannan lokacin kunya ba ta iso ni ba tukuna. Daɗi ne ya fara zuwa, irin wanda ban taɓa ji ba. Na rarrafa na kama ƙafarsa da taɓon da komai, na ƙara fashewa da kukan da ya fi na farko. Da ransa. Ƙafar da ɗumi, tana warin ruwan gona.

Ya ce, "Ke Uwata, sakar mini ƙafa, mene ne haka a gaban mutane? Kuma ina kika jefa wayarki? Na yi ta kira, na yi ta kira, har cajina ya ƙare."

Na ji idanu suna juyowa kaina. Hajiya ta gyara mayafinta a hankali, ta tako har inda nake.

"Maman Ummi."

"Na'am, Hajiya."

"Wa ya ce miki Malam ya rasu?"

"Ba kowa, Hajiya."

"To wanda ya kira ki, me ya ce?"

Na dubi ƙasa. Na dubi taɓon da ya ɓata mini anko. Na nemi Asabe da ido, rumbu ya rufe ta. Na ce, da wata 'yar murya da ni ma ban san ina da ita ba, "Ban ɗauka ba."

"Ba ki ɗauka ba."

"Na ga ba filashin ba ne."

Da akwai rami a tsakar gidan nan, da na shige na ja ƙasa na rufe kaina. Na tashi bikin autar Hajiya, na sa amarya ta wanke kwalliyarta da hawaye, na kwaso mata cike da mota da rabin abincin baƙi, na sa an yanko likkafani, na kashe mahaifina, Inna kuma ta kashe mini miji, duk a kan wayar da ban ɗauka ba.

Baba ne ya cece ni. Ya juya wayar a hannunsa, muryarsa ta yi ƙasa, kamar shi ne mai laifin.

"Ba ke kika ce ba? Da Salla. Kika ce ƙawayenki iyayensu na kiran su. Yau na kai tumatir Kwanar Gafan da sassafe, kasuwa ta yi kyau, sai na ce wa mai shago ya sa mini kati. Na ƙi yi miki na safe da gangan. Na ce bari in bari sai biki ya cika, in kira ki, ki ɗauka a gabansu."

Wani sabon kukan ya taso mini, amma na riga na cinye rabona na ranar, sai na toshe baki da mayafi.

Hajiya ta daɗe tana kallon sa, ta kalle ni. Sai ta nemi turmi ta zauna, kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka faɗa ne ke tahowa. Ashe dariya ce. Ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi, tana cewa, "Yaron kirki! Inna, ashe ɗana kike yi wa kuka ina taya ki!" Shi ke nan gida ya ɗauka. Matan da suka shigo da salati suka koma riƙe ciki. Asabe ta fito daga bayan rumbu tana cewa ita da ma tun a hanya jikinta ya ba ta. (Ƙarya take yi.)

Aka shigo da maza. Maigidana ya durƙusa ya gaida Baba, Inna kuma ta yi ta kallon sa tana hamdala, shi bai san ma ya mutu ya dawo ba sai da aka ba shi labari. Kawu Shehu yana ta ƙoƙarin tura ƙullin alawayyon cikin babbar rigarsa, Baba ya hango.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"A'a, ba komai, Malam, wani ɗan yadi ne."

"Nawa ne ai. Kawo." Ya warware, ya murza shi tsakanin yatsu, ya gyaɗa kai. "Mai kyau ne. Allah ya saka da alheri, ka rage wa Sani aiki." Ya miƙa wa Inna ya ce ta sa masa a ƙasan akwati. Yana nan har yau.

Abinci kuwa tunda maƙwabta sun riga sun taru, Hajiya ta ce ba za a mayar da shi ba, a zuba. Baba ya wanke ƙafa ya zauna a tabarma aka sa masa nasa. Ya ci ya ci, sannan ya ce shi dai bai taɓa jin wanda ya ci shinkafar sadakarsa da hannunsa ba sai shi, kuma a gaya wa masu girki idan ta gaske ta zo su ƙara gishiri. Ana cikin haka Sani ya dawo daga ban ruwa, ya ce wayarsa tana aljihun rigar da ya rataye a bishiya, me ya faru? Ba wanda ya iya ba shi amsa saboda dariya.

Da za mu koma Baba ya ce sai ya bi mu ya ba amarya haƙuri da bakinsa. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗora kwandon tumatir da buhun albasa a mota, ya shige gaba kusa da direba. Ni aka mayar da ni baya cikin kuloli, kuma ban yi gardama ba. Muka shiga Kura bayan la'asar, daidai lokacin da aka sa za a yi jana'izarsa, yana ɗaga wa mutane hannu ta taga. Aka sake yi wa Hadiza kwalliya, mai kiɗa ya kunna sifikunsa, aka yi biki har ya fi yadda aka tsara armashi, sai dai zoɓo ne ba wanda ya sha.

Hadiza ta yafe mini, amma ba ta bar ni ba. Duk taron da za a yi a dangi, da na shigo sai ta miƙo hannu ta ce, "Anti, kawo wayar in riƙe miki." Abokan Baba na majalisa kuwa tun ranar Marigayi suke kiran sa, yana kuma amsawa. Wayata, don ta bushe, an binne ta a buhun shinkafa, abin da ba a rasa ba a gidan Hajiya, ta kwana biyu ta farfaɗo. Fuskarta ta koma ja-ja, muryarta ta dushe, amma tana aiki.

Safiyar da na kunna ta, ina shara, sai na ji ƙir. Ta yi shiru. Na jefar da tsintsiya na kira.

"Uwata, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ai da ka kira, yanzu zan ɗauka. Ba ka da sauran katin?"

"Yana nan. Sau ɗaya na kira ki a duniya kika kashe ni. Ba zan ƙara ba. Kashe, kada naki ya ƙare."

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne, yaro ma ya sani: idan waya ta yi ƙara, a ɗauka a ji ko wane ne kafin a ɗora hannu a ka. Na san akwai ranar da za ta yi doguwar ƙara da sunansa, kuma ba yatsansa ba ne. Ranar zan ɗauka, na yi wa kaina alkawari, ko don in huta da bakin Hadiza. Kafin nan dai kullum safiya ina jiran ƙir ɗina, ni ke sayen katin, kuma ban ƙara yi wa kowa mita ba.